Leda uku muka ƙara wa Yaya kafin mu gane inda matsalar jininsa take

Yayana tela ne, shekararsa 46, kuma hawan jini ne ya cinye masa ƙoda a hankali bai sani ba. Lokacin da aka gano, likita ya ce yana mataki na huɗu, wato ƙodar tana aiki amma saura kaɗan, sai dai ba a kai ga wankin ƙoda ba. Aka ɗora shi a kan maganin hawan jini, aka ce ya rage gishiri, aka hana shi magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ya saba saye a kemis idan bayansa ya ƙage a kan keke, aka kuma ba shi ranar dawowa. Sau biyu ya koma, daga nan ɗinkin sallah ya taso, ga tsawon layi, sai ya yi watsi da zuwan. Watanni taran da suka biyo baya su nake so in rubuta, domin kuɗi da lokacin da muka ɓata a cikinsu ba sai wani ya sake ɓata irinsu ba.

Abin ya fara ne da haki. Mutumin da yake wuni yana taka keke ya koma ba ya iya gama riga ɗaya sai ya jingina da bango. Masallacin da ke bakin layinmu ya zame masa tafiya mai nisa. Yana jin sanyi a lokacin da kowa ke neman fanka, ga jiri idan ya ɗago daga ruku'u. Umma ce ta fara kama tafin hannunsa ta duba, ta ja fatar idonsa ƙasa, ta ce, "Ai yaron nan ya ɗashe, babu jini a jikinsa." Nan gida ya tashi da neman maganin ƙarin jini. Aka dafa zogale, aka soya hanta, matarsa ta riƙa haɗa masa lemon malt da madara da tumatirin gwangwani, wani aboki ya kawo kwalbar maganin ƙarin jini mai zaƙi, wani ya kawo jiƙo a jarka. Mako uku muna wannan. Daga baya muka ji cewa tumatirin gwangwani da dabino da ayabar da muke ɗura masa suna cike da sinadarin fotasiyam, wanda ƙodar da ta gaza ba ta iya fitarwa da kyau, kuma idan ya taru yana iya rikita bugun zuciya. Allah ne kawai ya tsare.

Da muka ga babu sauƙi, na ɗauke shi a adaidaita zuwa wani ƙaramin lab a unguwa. Suka ɗan huda masa yatsa, ba a yi rabin awa ba suka miƙo takarda, PCV, wato kason jajayen ƙwayoyin jini cikin ɗari, 21. Mai gwajin ya zaro ido ya ce mu wuce asibiti yanzu. Muka shiga wani asibitin kuɗi da ke kusa, suka ce leda biyu za a ƙara. Mun faɗa musu yana da ciwon ƙoda, an rubuta a kati, amma babu wanda ya tsaya a kan maganar. Aka gwada rukunin jininsa, aka ce mu kawo masu bayarwa. Ni na fara kwanciya, don rukuninmu ɗaya, sai wani yaron shagonsa ya bayar da ta biyu. Aka tace jinin don cutar HIV da ciwon hanta, muka biya kuɗin leda da na gwaji da na gado, abin ya tashi sama da naira 60,000. Na fito daga ɗakin ɗibar jinin ina jin daɗi a raina, ina ganin na yi wa ɗan'uwana abin da ya kamata. Cikin dare, bayan leda ta biyu, sai numfashinsa ya fara sama-sama, ya kasa kwanciya sai a zaune, ƙafafu suka cika. Nas ta kira likita, aka yi masa allurar sa fitsari, kafin asuba ya lafa. Ruwa ne ya yi wa jikinsa yawa, ƙodar ta kasa fitar da shi.

PCV ya hau 27, Yaya ya koma shago, muka ce an gama. Bayan mako bakwai haki ya dawo, aka gwada, 22. Aka sake ƙara leda ɗaya. A wannan karon ne wata nas dattijuwa ta ja ni gefe a baranda ta ce, "Ɗana, wannan ba randa ba ce da za ku yi ta zuba mata ruwa. Ku mayar da shi wurin likitocin ƙoda." Ita ta sa aka rubuta mana takardar turawa.

A babban asibitin, rana ɗaya ce a mako ake ganin masu ciwon ƙoda da ba a kwance suke ba. Ban san haka ba, na kai shi ranar da ba ita ba, muka dawo da kuɗin mota a banza. Ranar da ta dace mun isa bayan sallar asuba kaɗan, muka tarar da mutane sun riga sun jera katunansu a kan benci. Sai ka fara biyan kuɗin ganin likita ka karɓi rasit, ka kai rasit ɗin wurin masu fayil, su nemo fayil, sannan nas ta auna hawan jini da nauyi. Tunda Yaya ya daɗe bai zo ba, nemo fayil ɗinsa kaɗai ya ci kusan awa biyu. A kan bencin na ga mutane daga Haɗeja, daga Gashuwa, har da wani dattijo da ya zo daga Maraɗi, kowa da ledar takardunsa. Sai wajen ƙarfe ɗaya aka kira mu.

Likitan bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ya yi. Ya karanta takardun, ya tambaya leda nawa aka ƙara, na ce uku. Ya ce wa ya bayar, na ce ni ne na farko. Ya ajiye biro ya dube ni, ya ce, "Idan ta kai ga dashe, wa kuke tunanin zai ba shi ƙoda?" Na ce ni. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya yi mana bayani. Duk jinin da aka ƙara wa mutum, garkuwar jikinsa tana iya ɗaukarsa baƙo ta haɗa masa makamai ta ajiye. Ranar da aka dasa ƙodar da ta yi kama da wancan jinin, sai makaman su far mata. Shi ya sa ake guje wa ƙarin jini ga wanda ake sa ran yi wa dashe in dai ba dole ba, kuma ɗan'uwan da ake tunanin zai bayar da ƙoda shi ne ya fi kamata a hana bayar da jini. Ya ce ba lallai hakan ta faru da mu ba, gwaji ne zai nuna idan lokacin ya zo. Amma ni tun daga nan jikina ya yi sanyi. Abin da na yi don taimako shi ne zai iya rufe mana ƙofa.

Sai ya juya wurin Yaya ya ce, "Malam, jininka ba zuba yake yi ba, ƙera shi ne aka rage." A ɓargon ƙashi ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, amma ɓargo ba ya aiki sai an aiko masa saƙo, kuma ƙoda ce ke aiko saƙon, wani sinadari mai suna erythropoietin, wanda a asibiti kowa ke ce wa EPO. Ƙoda ta raunana, saƙo ya ragu. Ƙari a kan haka, ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana kusan 120, ta mai ciwon ƙoda ba ta kaiwa haka. Na aro kuwa da aka ƙara masa, wa'adinsa na cika yake ƙarewa, babu mai maye gurbinsa. Nan na gane dalilin da ya sa bayan mako bakwai muka koma gidan jiya. Ya kuma koya mana lissafin da ya sauƙaƙa mana karanta takardu, cewa mu a nan PCV muka saba ji, su kuma da Hb suke aiki, wato awon sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma Hb sau uku shi ne kusan PCV. Namiji idan Hb ɗinsa ya gaza 13 ana cewa yana da ƙarancin jini, mace kuma 12. Na Yaya a ranar bai kai 8 ba.

Na zaci a ranar za a rubuta mana allurar EPO. Ya ce a'a, sai an duba ƙarfen jini tukuna, wato ayon, domin aika wa tela saƙon ɗinki ba tare da yadi ba aikin banza ne. Yaya ya yi dariya, karo na farko a ranar. Ya rubuta gwaje-gwaje: cikakken gwajin jini, gwajin aikin ƙoda da fotasiyam, na bitamin B12 da folet, na bayan gida don a ga ko jini na tsiyaya ta hanji, sai biyu na ayon, ferritin da TSAT. A nan na sake yin kuskure. A lab ɗin asibitin aka ce kayan gwajin ayon sun ƙare, na fita waje, na ji kuɗin biyun ya haura naira 20,000, sai na ce a yi ferritin kawai, ai duk ayon ne. Mako ya zagayo, muka sake bin layin nan tun asuba, likita ya duba ya ce ina ɗayan. Ferritin yana nuna abin da ke ajiye a rumbu, TSAT kuma abin da ke kan hanya zuwa ɓargo. Mai ciwon ƙoda rumbunsa na iya nuna a cike alhali an kulle ƙofar, kuma ferritin yana hawa idan akwai kumburi ko wata cuta a jiki, don haka shi kaɗai yana yaudara. Mako guda cur ya tafi saboda tsimin da na yi.

Da sakamakon ya cika, TSAT ya fito 14 cikin ɗari. Likita ya ce a ƙa'idar da suke bi, in dai TSAT bai wuce 30 ba kuma ferritin bai wuce 500 ba, ana iya gwada ba da ayon. Na ce ai yana shan ƙwayar ayon tun tuni. Ya tambaya da me yake sha, Yaya ya ce da shayin safe, haɗe da sauran magungunansa. Ashe shayi yana hana hanji tsotsar ayon, haka ma ƙwayar kalsiyam da aka ba shi don rage fosfet. Ko ba wannan ba, hanjin mai ciwon ƙoda ba ya karɓar ayon da kyau. Abin da Yaya ya samu daga ƙwayar nan shi ne baƙin bayan gida da taurin ciki. Aka yanke a ba shi ta jijiya.

Zuwa biyar muka yi a cikin mako biyu da 'yan kwanaki. Kowane zuwa kwalba biyu ƙanana ta iron sucrose, miligiram 200, jimilla 1,000. Kai za ka sayo maganin, da ledar ruwa ƙarama, da kanula, da safar hannu, ka biya kuɗin gado na 'yan awanni. Idan aka zuba shi a ruwan sai ya koma kamar baƙin shayi. Ana sa shi ya riƙa ɗiga a hankali, in ya ƙare kuma ba a sallamarka sai an ƙara kusan rabin awa ana dubawa, saboda wasu jikinsu yana ƙin sa, su yi ƙaiƙayi ko numfashi ya sarƙe ko jini ya sauka. Yaya ɗanɗanon ƙarfe kawai ya ji a baki. A rana ta farko na ga nas ta ƙi taɓa jijiyar gwiwar hannunsa mai kyau, ta sunkuya tana laluben wata siririya a bayan hannun dama. Na ce, "Sista, ga babba nan a fili." Ta ce waccan ajiya ce. Idan wata rana aka zo wankin ƙoda, jijiyoyin hannun da ba ya aiki da shi sosai ake haɗawa a yi hanyar wankin, kuma yawan huda yana lalata su. Tun daga ranar, duk inda za a ɗebi jinin Yaya, da bakinsa yake cewa a bar masa hannun hagu.

Bayan ayon aka zo kan EPO, yunit 4,000 a cikin sirinji da aka riga aka cika, sau biyu a mako, a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya. A lokacin muna samun ɗaya tsakanin naira 9,000 zuwa 12,000, gwargwadon kamfani da kemis, wato wata guda yana cin kusan dubu tamanin ko fiye. Nas ta yi masa biyu na farko a gabana, ta sa na yi na uku tana kallo, hannuna na rawa, daga nan ni na zama mai allurar gida. Allurar ba ta da wuya. Ajiyarta ce wahalar. Sai a firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a girgiza ta, ba a barin ta ta daskare, ba a barin ta a rana. Mu kuma a watan Afrilu muke, a Kano, wuta in ta zo awa uku an gode Allah. Na sayi ƙaramar kula, duk ranar saye ina tafiya da ƙanƙara a ciki, kuma ba na karɓa sai na ga da idona daga firij aka ciro. Akwai kemis ɗin da na shiga na ga an ɗauko ta daga kan kanta, na ce na gode na fita.

Da zafi ya tsananta, na kai guda huɗu gidan wani maƙwabci mai sola. Yaransa, da kyakkyawar niyya, suka tura kwalin can cikin firiza kusa da ƙanƙarar sayarwa. Na je ɗauka na tarar sun zama dutse. Na kira nas ina fatan ta ce a bar su su narke, ta ce a zubar. Kuɗin mako biyu ke nan. Na zauna a dakalin ƙofar gida da kwalin a hannu na rasa wanda zan yi wa fushi. Daga nan na koma sayen biyu-biyu, in naɗe su a leda in rubuta a jiki da manyan baƙaƙe cewa kada a sa a firiza.

Mako biyu da fara allura aka gwada, PCV ya tsaya inda yake. Kawu ya ce an yaudare mu, a je a ƙara jini a huta. Ni ma zuciyata ta fara rawa. Likita ya ce ɓargo ba famfo ba ne, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji, kuma ba a son ya yi tsalle, Hb ya ƙaru da 1 zuwa 2 a wata ya isa. Abin da ya fara motsi kafin jinin shi ne hawan jini. A mako na uku Yaya ya tashi da ciwon kai mai tsanani, na auna da na'urar da muka saya na ga 180 a sama. An riga an gargaɗe mu cewa allurar tana iya haddasa haka, kuma ba a yin ta idan jini ya hau sosai, don haka na fasa ta ranar na kira asibiti. Aka ƙara masa maganin hawan jini, bayan ya sauka muka ci gaba. A mako na shida PCV ya kai 27, a wata na uku 31. A tsakani zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, jinin ya ɗan koma baya, aka ɗage ƙarin ayon da aka shirya sai da zazzaɓin ya wuce.

Akwai watan da kuɗi ya yanke mana, na riƙa yi masa sau ɗaya a mako ban faɗa wa kowa ba. Da likita ya ga jinin ya tsaya, ya ɗauki biro zai ƙara yawan allurar, sai kunya ta kama ni na faɗi gaskiya. Ya ce da na yi shiru da ya rubuta mana abin da ya fi ƙarfinmu a kan lissafin ƙarya. Ya sake tsara mana gwargwadon abin da za mu iya.

Ranar da PCV ya kai 34, na shiga ofishin da murna, na ce saura kaɗan mu kai 40 irin na kowa. Likita ya ce a nan za a rage allurar. Na ɗauka wasa yake. Ya ce da EPO ba a neman mayar da mai ciwon ƙoda daidai da mai lafiya. Yawanci ana farawa ne idan Hb ya gaza 10, ba a son a riƙe shi sama da 11.5, kuma ba a kai shi 13 da gangan. An taɓa gwada hakan. Tun da aka fara amfani da allurar a Amurka a 1989 likitoci suka zaci gara a cika jinin, sai manyan bincike suka nuna akasin haka. Ya ambaci ɗaya mai suna TREAT da aka wallafa a 2009, a kan mutum sama da 4,000 masu ciwon suga da ciwon ƙoda, inda shanyewar ɓarin jiki ta kusa ninkawa a cikin waɗanda aka tura jininsu sama da allura. Abin da ake nema shi ne mutum ya iya harkarsa kuma ya tsira daga ƙarin jini. Kawu har yau bai gamsu ba, yana ganin rowar magani ake yi mana.

Ba ina cewa ƙarin jini laifi ba ne. Wanda jini ke zuba masa, ko ya yi ƙasa har zuciya ta fara gazawa, ba za a ce ya jira allurar da sai ta yi wata ba, kuma mai yiwuwa ledar farko ta Yaya dole ce. Abin da ke ci mini rai shi ne ta uku, da kuma cewa ni na bayar da ta farko. Da bai daina zuwa asibitin ƙoda ba, da an ga jinin yana sauka tun yana 30, an fara ayon a kan lokaci. Wanda ke da mai ciwon ƙoda a gida, ya riƙa tambayar Hb a duk zuwa ko da majinyacin bai yi ƙorafi ba. Idan aka ce jini ya yi ƙasa, ya nemi a yi ferritin da TSAT tare, kada ya raba su irin nawa. Idan aka ce a kawo mai bayar da jini a wani asibiti, a faɗa musu da babbar murya cewa mai ciwon ƙoda ne, a kira likitan ƙodar in da hali, kuma wanda ake sa ran zai bayar da ƙoda ya koma gefe. Na'urar auna hawan jini a gida ta zama dole kafin allurar farko. Duk wani jiƙo ko maganin ƙarin jini da masoya suka kawo, a kai wa likita ya gani kafin a buɗe.

Ni littafi na saya mai shafi arba'in irin na 'yan makaranta. Kowane layi akwai kwanan wata, hawan jini, PCV in an gwada, da ko an yi allura ko an fasa da dalili. Likitocin da ke zama a ranar asibitin suna canzawa, fayil ma yakan ɓace na wuni guda, amma littafin yana aljihuna, kuma sau biyu shi aka yi aiki da shi. Yanzu Yaya yana kan allura ɗaya a mako, PCV yana yawo tsakanin 31 da 33. Ya sa wa keken ɗinkinsa mota don ya rage taka shi, yana kuma zuwa masallaci da ƙafarsa. Ƙodar dai tana ci gaba da raguwa, an fara yi mana maganar haɗa jijiyar hannun hagun, kuma a zuwa na gaba za a rubuta mana gwajin da zai nuna ko jikinsa ya riƙe jinina a matsayin baƙo.